Yanka gidan ki a cikin fuli da injin les kaɗai, zai yiwu kuwa?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum iyayen gidana. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar ƙarfe. Ina da ɗan ƙaramin injin les na ferar ƙarfe a gida, da diril na tsaye, da dutsen wasi, iyakar kayana kenan, babu milin babu shefa, wato injinan da aka saba yanka kwari a jikin ƙarfe dasu. Yanzu injin tsaga katako nake haɗawa, moton da na samu 1.5 kW ne, shaf ɗinsa, wato sandar da ke juyawa, kaurinsa milimita 24 kuma akwai ki a jiki mai faɗin 8, wato ɗan ƙarfen da ke kulle shaf da fuli su juya tare. Fulin da zan saka, wato wilin da bel ke hawa, na kas ne (ƙarfen zubi), ramin da ya zo dashi ƙarami ne sai na ɗora a les na buɗe shi zuwa 24, na gwada da guntun rodi mai awo ɗaya da shaf ɗin ya shiga cif-cif babu wasa, tsawon ramin kuma kamar milimita 40. Abin da ya rage shi ne gidan ki na cikin fulin, wato kwarin da ki ɗin zai zauna a ciki, toh a nan na tsaya.

Wani yace min in cire ki ɗin gaba ɗaya in ɗaure fulin da sukuru biyu ta gefe, wani kuma yace in ɗiga masa walda a baki a wuce wajen, amma gaskiya hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba, saboda abu ne da zai riƙa juya zarto a gaban mutum, bana son ranar da ake tsakiyar aiki fuli ya kwance. Na ji ana cewa ana iya yanka shi a kan les ɗin ba tare da an kunna injin ba, sai dai ban taɓa ganin anyi a gabana ba. Yaya ake wasa wuƙar, nawa ake ci a kowane turi, kuma zurfin gidan nawa ya kamata ya kai? Fulin dai har yanzu yana kan cok, wato bakin les da ke damƙe aiki, ban sauke shi ba. Allah ya saka da alheri.

Baba_MaiLes:

Wa alaikumus salam yaro. Da farko kar ka sauke fulin nan daga cok, yadda ka buɗe ramin a nan toh a nan zaka yanka gidan, shi ne zai sa gidan ya bi ramin a miƙe. Kuma eh yana yiwuwa sarai, fuli ɗaya na kas ai ba wani abu bane, kas ma ya fi ƙarfe daɗin yi da wannan hanyar don garinsa zuba yake baya naɗewa.

Ka zare filogin injin daga wuta tukuna, ba kashe makunni kawai ba. Les ɗin zai zama shefa ne, hannunka shi ne moton. Cok zai tsaya cak, kai kuma kana tura karej, wato abin da ke ɗauke da wuƙa a kan gadon injin, gaba kana dawowa dashi baya, wuƙa tana karto kaɗan-kaɗan.

Sandar da zata riƙe wuƙar ita ce rabin aikin. Nemi rodi mai kauri iya wanda zai shiga ramin, a rami 24 ka sa na 16 zuwa 18, ka huda shi a gicciye kusa da baki, ka yi tiredi ta goshinsa ka sa sukuru da zai danne wuƙar. Wuƙar ta leƙo waje kamar milimita 5. Kada sandar ta fito daga inda aka ɗaure ta fiye da buƙata, tunda raminka 40 ne toh 55 ko 60 ya isheka. Mutane suna raina wannan amma in ka ninka tsawon da sanda ta fito sau biyu, lanƙwasawarta sau takwas take ƙaruwa ba sau biyu ba, shi yasa zaka ga gidan ki a baki ya yi zurfi can ciki kuma ya yi sama-sama, ki ya shiga rabi ya cije.

Wuƙar kuma HSS zaka sa, wato gasasshen ƙarfen da ake yin bakin diril dashi, kar ka sa kabaid wanda ya fi shi tauri amma yake saurin ɓantarewa, kabaid baya son a ja shi da baya yana gogar ƙarfe, nan da nan bakinsa zai ɓantare. Dabarar da nafi so ita ce ka samu HSS mai zagaye na milimita 8, ko gindin karyayyen enmil, wato wuƙar injin milin, ka wasa bakinsa har ka cinye rabin kaurinsa daidai, fuskar da ta fito faɗinta 8 ne da kanta ba sai kana ta aune-aune ba, bayanta kuma tunda zagaye ne ya riga ya kauce wa bangon gidan. Amma banda gindin bakin diril, yawancinsu gindin ba a gasa shi ba, laushi gareshi. Sai ka ɗan zaftare ƙarshen wuƙar ta baya kamar digiri 5 don baki kaɗai ya riƙa taɓawa. A kas fuskar a tsaye ma ta wadatar, in ƙarfe ne mai laushi ka ɗan kwantar da ita kamar digiri 5. In ka gama da dutse ka bi bakin da ɗan dutsen hannu har sai ya kama farce.

Sai saiti. Wuƙar a kwance zata kasance tana kallon bangon ramin ta ɓangarenka, kuma tsakiyar faɗinta dole ya zo daidai da tsakiyar injin. Ga yadda zaka gane ba tare da agogon awo ba: shafa tawadar maka a cikin ramin, matso da wuƙar a hankali har ta taɓa, ka tura sau ɗaya ka fito ka haska da tocila. In ka ga layi biyu siriri, na sama da na ƙasa, sun fito tare kuma kaurinsu ɗaya, toh ka zauna a tsakiya. In layi ɗaya ne ya fito ka gyara tsayi ka sake. Kar ka fara ci sai layin nan biyu sun fito, domin gidan da ya kauce daga tsakiya babu gyara, sai dai a juya fulin a yanka wani.

Ci kuma kar ya wuce milimita 0.03 zuwa 0.05 a turi ɗaya, da wuƙa mai faɗin 8 a ƙaramin inji ma 0.03 ɗin ya fi. Duk bayan ci huɗu ko biyar ka yi turi biyu ko uku ba tare da ka ƙara komai ba, zaka ji har yanzu tana karta, wannan lanƙwasar sanda ce take dawowa. Ka ɗaure kamfawun, wato ƙaramin silaid na sama da wuƙa ke zaune a kai, ya zama baya motsi, ka ɗan matse sukurorin gefen kuros, wato silaid ɗin da ke matsar da wuƙa a gicciye, ka shimfiɗa tsumma a kan gadon injin don garin kas yana cin gado in ya haɗu da mai. Kas a bushe ake yanka shi, ba a sa masa mai.

Kanikanci_Zalla:

Baba ya faɗi gaskiya, amma ni fa in zan baka shawara ka nemi buroc kawai ko aro ne. Sanda ce ta HSS mai haƙora a jere, kowane haƙori ya ɗan fi na gabansa tsayi, ana saka bushin mai tsaga a cikin ramin, a zura buroc ɗin a tsagar a danna da fires, wato injin dannawa, in ya fita a saka shim, wato siririn fallen ƙarfe, a bayansa a sake dannawa har zurfin ya cika. Minti kaɗan ka gama kuma faɗin ya fito daidai, kusurwa tsaf. Bushin ɗin 24 ma kai da kanka zaka iya fere shi, tsagar ce kawai zata buƙaci milin.

Sai dai shi ma yana da sharuɗɗansa. Na 8 ɗin tsawonsa ya kusa santimita 30, kenan fires ɗinka sai yana da tsayin da zai ɗauki buroc da fuli tare. Kar ka kuskura ka buga shi da guduma, ƙarfe ne gasasshe, tsinkewa yake kamar gilashi. In da jak na haidirolik zaka danna ka kula sosai don hannunka baya jin nauyin da yake ɗauka, ka danna kaɗan ka saki ya miƙe da kansa ka sake dannawa, kana leƙawa ta gefe ko ya fara karkata. Kuma a sa wani abu mai laushi a ƙasa ko ka tara hannu, yana gama wucewa faɗowa yake, in ya daki siminti haƙoran sun tafi. In dai kana ganin zaka riƙa irin wannan aikin akai-akai wlh buroc ya fi maka, karej ɗin ƙaramin les ba don wannan turin aka yi shi ba.

Injiniya_Awo:

Salam. Bari in ƙara da lissafin tunda ka tambayi zurfi kuma ba a taɓo shi ba. Motoci irin naka ƙa'idar awon ki ta DIN 6885 suke bi. Shaf da ya haura 22 zuwa 30 ki ɗinsa 8 ne a faɗi 7 a tsayi, gidan da ke jikin shaf zurfinsa 4.0, na cikin fuli kuma 3.3. In ka haɗa 4.0 da 3.3 ka samu 7.3, ki kuma 7 ne, kaga akwai 0.3 da aka bari a saman ki da gangan. Wanda shaf ɗinsa 19 ne kuma ki 6 ne, zurfin cikin fuli 2.8, na faɗa ne saboda masu karantawa.

Yadda ake aunawa, ka sa ma'aunin baniya daga ɗaya bangon ramin zuwa ƙasan gidan, ya baka 24 da 3.3, wato 27.3. An yarda ya haura da 0.2, kenan ko 27.5 ka samu babu laifi, amma kar ya gaza 27.3.

Ga inda mutane da yawa suke rikicewa. Ramin zagaye ne wuƙar kuma bakinta a miƙe yake, so lokacin da ka ga layi biyun nan da Baba ya faɗa, kusurwoyin wuƙar ne kawai suka taɓa, tsakiyarta bata kai bango ba tukuna. A rami 24 da wuƙa 8 tazarar da ta rage wajen 0.7 ce. Kenan in ka sa dayal, wato zoben lambobin da ke hannun kuros, a sifili daga taɓawar farko, ba 3.3 zaka ci ba, 4.0 zaka ci. Wanda ya tsaya a 3.3 zai sauke aiki ya tarar fuli ya ƙi hawa kan ki. In kana cin 0.04 a turi, turi 100 kenan banda na share fage, ka shirya ma hakan.

Sannan ka duba dayal ɗin kuros naka, wasu injinan abin da aka rubuta a jiki na kaurin aiki ne gaba ɗaya, wato in ka juya 0.10 wuƙar 0.05 kawai ta matsa. Ka gwada da baniya ko agogo kafin ka fara.

Faɗi kuma shi ne mai tsanani, ƙa'idar da aka fi amfani da ita a fuli JS9 ce, a ki 8 bai wuce 0.018 sama ko ƙasa ba. A gida ba lallai ka kai wannan ba amma ka auna wuƙarka da maikuromita kafin ka ɗaura, in ta fi 8 ko da kaɗan ne ka rage, gara gidan ya ɗan matse ka bi shi da magagari da ya yi yawa.

Sabon_Hannu:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai iyayen gidana, wannan lissafin 0.7 ɗin ban taɓa jin sa ba. Oga Kanikanci buroc ɗin ba zan samu a kusa ba kuma bani da fires, shi yasa nake son bin hanyar Baba. Amma maganar da kayi ta tsaya min, injin nawa ƙarami ne, haƙoran da karej ke tafiya a kai sirara ne, ina tsoron in ɓalle su garin turi. Baba akwai yadda za a rage wa injin nauyi? Sannan cok ɗin da me zan tsayar dashi, naga ko giya na saka yana ɗan motsi in na taɓa da hannu.

Baba_MaiLes:

Tsoronka yana kan hanya, kuma akwai magani. Kar ka bar wuƙa ta cinye naman duka, ka rage mata. Hanya ta farko ka wasa wata siririya mai faɗin 4, ka fara buɗe tsakiya da ita har kusan zurfin, sannan ka sa ta 8 ɗin ta share gefe da gefe. Nauyin turi ya ragu sosai don kowace wuƙa rabin faɗin take ci.

Hanya ta biyu ta fi sauri amma sai ka sauke fulin. Ka fere toshi da zai cika ramin dam, ka buga shi ya zo daidai da fuskar fulin, ka buga santa, wato alamar inda diril zai fara, a kan layin da toshi da fuli suka haɗu, sai ka huda da diril 6 tun daga sama har ƙasa. Rabin hudar tana cikin toshi rabi tana cikin fuli. In ka fitar da toshin zaka ga kwari mai zurfin 3 da faɗin 6 ya riga ya fito, saura kusurwoyi da ɗan ƙasan kawai. Sharaɗin shi ne toshin ya zama irin ƙarfen fulin, kas da kas, in ka sa alminiyam a cikin kas diril zai gudu ɓangaren mai laushi ya bar maka fulin. Ni a naka tunda yana kan cok a saite, ta farkon zan bi, ba sai ka sake wahalar saiti ba.

Turin kuma da hannu biyu a kan wilin karej, a tafi da shi santsi ɗaya ba fizga ba. In ka ji ya cije kar ka yi masa ƙarfi, ja da kuros baya kaɗan ka wuce, ka dawo a hankali. Ƙarfin da ake yi lokacin da wuƙa ta cije shi ke ɓalle haƙori, ba aikin kansa ba. Masu yin abin da yawa suna cire sukurun kamfawun su ɗaura masa dogon hannu na ƙarfe su riƙa turawa dashi, karej yana kulle, haƙoransa basu san ana yi ba. Don fuli ɗaya ba sai ka je nan ba.

Wajen dawowa baya, ni ina ɗan janye wuƙar in dawo sannan in mayar in ƙara ci, yana ɗaukar lokaci amma bakin yana daɗewa. In zaka yi haka kullum ka riƙa zuwa lambar ta ɓangare ɗaya saboda wasan da ke cikin sukurun kuros.

Cok kuma kar ka dogara da giya, wasan haƙora yana nan, kuma bugun yana sauka a kansu. Ka yanko katako mai tauri ka tokare tsakanin haƙorin cok ɗaya da gadon injin ta gaba, wani ta baya, su matse shi ta ɓangare biyu. Ƙarfin yankan ai tsaye yake tafiya zuwa cikin cok ba juya shi yake ba, so ba wani ɗauri mai yawa ake buƙata ba, kawai kar ya motsa. Ka tabbata akwai fili a bayan fulin da wuƙa zata fita gaba ɗaya, ko milimita 5 ne, in babu gari zai taru a ƙarshe wuƙar ta daki bango. Kuma ka ɗan karya bakin ramin ta bayan in hannu zai kai, kas yana ɓarewa a inda wuƙa ke fita.

Tsohon_Fita:

Ni dai da zarto da magagari muka koya kuma har gobe yana aiki in aka rasa komai. A zana faɗin a fuska biyu na fulin, a zura ruwan zarton ƙarfe ta cikin ramin a ɗaura shi a firam, a tsaga biyu a cikin layi, a fasa tsakiya da siririyar kurfi, a gyara da magagari mai kusurwa huɗu ana gwada ki. Matsalarsa hannu yana lilo, baki da baki sai su fi tsakiya faɗi, sai wanda ya saba. Tunda kana da les bi ta Baba.

Abin da ya sa na shigo maganar walda ce da sukuru. Kar ka yi walda ɗan'uwa. Kas da ƙarfen shaf basa haɗuwa da kyau da waldar yau da kullum, wajen yana tsagewa, zafin yana bin shaf ya ƙona giris ɗin boris, kuma ranar da boris ya mutu ba zaka iya cire fulin ba sai ka yanka. Sukuru kaɗai kuma, moton 1.5 kW mai gudun wajen 1400 a minti ƙarfin juyinsa kusan 10 Nm ne, a fatar shaf 24 wannan ya kai nauyin kilo 85, wajen tashi kuma ya ninka biyu ko fi, ga zarto yana cijewa a katako yana saki. Tsinin sukuru biyu zasu riƙe na ɗan lokaci, daga nan su fara jan layi a jikin shaf.

In wata rana ka samu fulin da babu halin yanka gida, akwai fuli mai tefa lok, bushin ɗinsa yana zuwa da rami da gidan ki a yanke, ka zaɓi na 24 ka ɗaure kawai.

Injiniya_Awo:

Ƙari kaɗan kan haɗawa in ka gama. Kafin ka sauke daga cok ka gwada ki ɗin kansa a gidan, ta baki da kuma can ciki, ya shiga da turin yatsa ko ɗan bugu kaɗan, kuma in ka girgiza shi gefe da gefe kar ka ji motsi. Gefen ki ne yake ɗaukar kaya ba samansa ba. In fuli ya ƙi hawa, shafa maka a saman ki da gefensa ka gwada ka ga inda ya goge, in saman ne ya goge toh zurfi ne bai kai ba, ka koma ka ƙara, kar ka danna shi da guduma a haka don zai ɗaga fulin ya karkace ya riƙa rawa da bel, kas kuma yana iya tsagewa daga kusurwar gidan. In gefe ne ya goge ka bi bangon gidan da magagari mai laushi, kar ka rage ki ɗin tunda gidan shaf 8 ne, in ka rage shi zai yi wasa a can. Sannan ka huda fulin ka yi tiredin M6 ko M8 daidai saman gidan, sukurun ya sauka a bayan ki ba a fatar shaf ba, shi zai hana fulin zamewa gaba ko baya.